Babban likita ya ce a yi wa Hajiya aikin hawan jinin ido, mu yarda ko mu ci gaba da ɗiga magani?

Ummu Sadik, Badarawa
Assalamu alaikum. Shawara nake nema don Allah. Mahaifiyarmu shekarunta 64, wata tara ke nan da aka ce tana da hawan jinin ido, wato gilakoma. Ranar farko awon idon dama ya nuna 36, na hagu 24, aka ce mana na mai lafiya ba kasafai yake wuce 21 ba. Tana ɗiga timolol safe da yamma, latanoprost da dare, amma na daman ya ƙi sauka daga 28. Ranar Talata muka samu ganin babban likitan, wanda suke ce wa kwansaltan. Ya leƙa cikin idon, ya duba takardar gwajin faɗin gani, ya ce jijiyar tana ci gaba da lalacewa, aiki za a yi. Ko minti goma bai yi da mu ba. Na tambayi wata nas ko shi zai yi da hannunsa, ta ce ya danganta da ranar. Nan fa hankalina ya tashi. In ƙananan likitoci ne za su taɓa idon, shi mene ne aikinsa? Sannan mu yarda, ko mu roƙi a ƙara magani na uku? Hajiya dai har yanzu tana karatun Alƙur'aninta, cewa take me ya yi zafi.

Ɗan Kawo
Allah ya ba ta lafiya. Ku yarda kawai. An yi wa kakata bara, washegari da aka cire auduga har zare ta zura a allura.

Sista Mai Ido
Ɗan Kawo, wannan yanar ido aka cire wa kakarka. Ciwo biyu ne daban, kada ka ɗora musu rai a kan abin da ba zai faru ba.

Maman Walida
Kun gwada zuma farar saƙa? Maƙwabciyarmu ita take ɗigawa.

Abu Fatima, Rigasa
Baiwar Allah, ni na ga wannan hanyar har ƙarshenta. Mahaifina tela ne a Kasuwar Barci, shekara talatin yana kan keke. Aka ce aiki, muka sayar da fili a Hayin Ɗanmani muka biya. Ba wanda ya zaunar da mu ya ce ganin da ya tafi ya tafi ke nan. Mu a zatonmu Baba zai koma shago. Bayan aiki ido ya yi ja, yana hawaye, ganin ma ya ƙara dusashewa. Muka koma, aka ce babban likita ya tafi taro. Muka sake komawa, wani yaro daban ya duba, ya canza magani. Zuwa na uku wani yaron kuma, bai ma san an yi aiki ba sai da na faɗa masa. Baba ya yi fushi ya ce ba zai ƙara taka asibitin ba, ya watsar da magungunan duka. Shekara biyu bayan nan ɗana ne ke jan shi zuwa masallaci. Ba zan kama sunan wurin ba, amma har gobe in na bi ta ƙofar sai na kau da kai. Babban likitan nan sau ɗaya na ga fuskarsa. Sau ɗaya tak.

Hajjo Malali
Innalillahi. Allah ya saka masa da mafificin abin da ya rasa.

Baban Nana
Abu Fatima nawa kuka biya lokacin? Mu an ce mana dubu 180 ido ɗaya.

Abu Fatima, Rigasa
Ban riƙe ba, kuɗin fili dai ya ƙare.

Hajjo Malali
Wace dubu 180? Yayana dubu 450 ya biya a asibitin kuɗi, ban da magani.

Mai Kemis na Tudun Wada
Aikin ma ai sau ɗaya ne. Maganin shi ke cin mutum. Latanoprost na kamfanin asali ya fi tsada, na Indiya ina sayar da shi dubu bakwai, kuma kwalba ba ta wuce wata. Ni shawarata a ƙara mata dorzolamide, na ga mutane da yawa ya saukar musu.

Baban Nana
Dubu bakwai? Ni dubu huɗu da ɗari biyar nake saye a bakin kasuwa.

Sista Mai Ido
Baban Nana, kwalbar da ba a buɗe ba a firji ake ajiye ta. Ka tambayi kanka ina firjin mai tebur a bakin kasuwa.

Ummu Sadik, bari in amsa miki, na shekara goma sha ɗaya a ɗakin ido. Babban likitan gilakoma ba don ya iya yanka kawai ake kiransa babba ba. Shi ke duba jijiyar gani ya faɗi matakin da ciwon ya kai. Shi ke ɗora wani ɗan gilashi a kan ido ya ga kusurwar da ruwan ido ke fita, a buɗe take ko a toshe, don maganinsu ya bambanta. Shi ke yanka wa kowane ido lambar da ake so ya sauka, wani 18 ta ishe shi, wanda jijiyarsa ta ci wuya sai an kai shi ƙasa da 15. Shi ke zaɓa tsakanin magani, hasken leza da aiki. Ƙananan da kike gani likitoci ne cikakku da ke neman ƙwarewa a ƙarƙashinsa, in sun yi aiki da sunansa aka yi, alhakin yana wuyansa. Kina da haƙƙin ki tambaye shi baki da baki wa zai yi, kuma zai tsaya a ɗakin ko a'a.

Aikin kuwa 'yar ƙofa ake buɗewa a saman ido, ƙarƙashin fatar ido, ruwa ya riƙa tsiyayewa. Ba ya dawo da gani, saura yake tsarewa. Kuma makonnin farko sun fi ranar aikin muhimmanci, don jiki yakan so ya toshe ƙofar da tabo, sai ana dubawa a kai a kai, wani lokaci a sassauta zare. Abin da ya sami mahaifin Abu Fatima a nan ya lalace. Karatun da Hajiya ke yi kada ya ruɗe ku, ciwon daga gefe yake ci, tsakiya ce ta ƙarshe.

Abu Fatima, Rigasa
Wato laifin Baba ne ke nan? Dama ku ba ku taɓa laifi.

Sista Mai Ido
Ban ce haka ba Malam. Wanda bai yi muku bayani ba shi ya fara kuskure, bayanin ma cikin aikinsa yake.

Mai Kemis na Tudun Wada
Sista ita ma ai ba likita ba ce. Ni shekara sha biyar ina sayar da maganin ido.

Injiniya Kakuri
Kai da ba ka da abin awon ido a shagonka, da me ka san ya sauka? Irinku ne ke ba mai asma timolol ya kwana yana haki, ku ba mai ƙaiƙayin ido magani mai sitiroyid ya yi ta ɗigawa har idon ya hau.

Ɗan Kawo
Ni dai tun da na ga takardar wutar wannan watan idona ya hau 40, ko akwai kwansaltan ɗinsa?

Hajjo Malali
Kai Ɗan Kawo, ana maganar hankali.

Injiniya Kakuri
Ummu Sadik, in kina shakka ki ɗauki takardun gwajin ku je Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke wajen Mando a nan Kaduna, wani ƙwararren ya sake gani. Mutane daga jihohi masu nisa suke zuwa, mu tana ƙofar gidanmu. Ku ma 'ya'yanta ku je a auna ku, abin yana bin jini. Binciken makanta na ƙasa da aka yi daga 2005 zuwa 2007 ya nuna bayan yanar ido shi ne na biyu wajen makantar da mutane a Najeriya.

Baban Nana
Ai matsalar likitocin ne ba sa zama. Wanda ya fara duba ni yana Saudiyya yanzu. Wanda ya gaje shi wata shida ya yi, aka ce ya wuce Ingila. Kowane sabo sai ka faro masa labari daga farko.

Maman Walida
Labari kuwa dole, tunda fayil ɓata yake. Nawa sau biyu ana buɗe min sabo a inda nake zuwa, kuma kowane sai na biya kuɗin kati.

Abu Fatima, Rigasa
Ga layi. Ka yi asuba a can, ka samu lamba 70, wai wasu tun jiya aka rubuta su.

Ummu Sadik, Badarawa
Na gode ƙwarai. Sista, in an ƙara magani na ukun, wata nawa za a iya jira kafin a ce an makara? Ranar Alhamis suka ce mu kai amsa, kuma yayanmu da zai biya kuɗin ya karanta labarin Abu Fatima ya ce shi ba da yawunsa ba.

Baban Nana
Maman Walida, ki riƙa ɗaukar hoton kowane shafi a waya kafin ki mayar musu da fayil ɗin. Ni wani ma'aikacin har hana ni ya yi, wai doka ce. Wace doka?