Harbin kan mai uwa da wabi bai wadatar ba: mu nemo kalma

Salamu alaikum jama'a. Zare ne yau, kuma ina roƙon masu fassarar labarai da malaman Hausa su bi shi har ƙarshe. Kalma nake nema, kuma ba ni kaɗai zan yanke ba.

Shekara shida ke nan ina fassara labaran ƙetare a wani gidan rediyo. Duk ranar da aka yi harbi a Amurka, labarin ya zo da "mass shooting", hannuna da kansa yake rubuta "harbin kan mai uwa da wabi". Haka na tarar ana yi, haka nake ji a manyan kafofi, ban taɓa tsayawa na tambaya ba.

Watan Mayun 2022 ne ya tsayar da ni. Ranar 14 ga wata, wani saurayi farar fata ya yi tuƙin sa'o'i zuwa birnin Buffalo a jihar New York, ya shiga wani kantin kayan abinci a unguwar baƙar fata, ya kashe mutum 10, dukkansu baƙaƙe. Na rubuta abin da na saba, aka karanta a labaran yamma. Da dare na ji kamar na yi wa mamatan nan ƙarya. Mutumin ya zaɓi gari, ya zaɓi unguwa, har ya je ya duba kantin tun kafin ranar. To ina kan mai uwa da wabi a nan?

Idan Bahaushe ya ce an yi abu kan mai uwa da wabi, yana nufin ba a tantance ba, wanda tsautsayi ya faɗa wa shi ke nan. Yadda aka yi harbin kalmar take faɗa. Ita kuwa ta Turancin yawan waɗanda aka harba take ƙirgawa. Wani lokaci su biyun sukan haɗu. A Las Vegas, 1 ga Oktoban 2017, wani ya buɗe wuta daga hawa na 32 na wani otal kan taron masu sauraron waƙa, mutum 58 suka mutu a lokacin, wasu biyu suka bi daga baya. Wannan kam kan mai uwa da wabi ne, ba gardama.

Amma ku duba birnin Charleston na Amurka a 2015. Mai harbin ya shiga cocin baƙar fata, ya zauna da su suna karatun littafinsu, sannan ya tashi ya kashe 9. Ku duba Christchurch a New Zealand, 15 ga Maris 2019, ranar Juma'a, masallatai biyu, Musulmi 51. Wane ne zai ce ba a zaɓi waɗannan ba? Idan muka kira shi kan mai uwa da wabi, mun goge ƙiyayyar da ta kai mutumin ƙofar masallacin.

Kwana 10 bayan Buffalo sai ga Uvalde a Texas: yara 19 'yan firamare da malamansu mata 2. A nan kalmar ta soke ni ta wani gefen. Wabi fa ba baƙon abu ba ne a gidajenmu. Kakata ta yi wabi, 'ya'ya huɗu ta binne kafin mahaifina ya tsaya. Saboda wabi ake sa wa yaro Ajuji ko Ayashe, a nuna kamar ba a damu da shi ba ko ya samu ya rayu. Mutuwa ce da ba hannun kowa a ciki, ba wanda za a kama, sai dai a yi wa uwa ta'aziyya a ce Allah ya ba da mai tsayawa. Yaran Uvalde kuwa akwai hannu a mutuwarsu. Wanda ya kashe su ya cika shekara 18, cikin 'yan kwanaki ya sayi bindigogi biyu ƙirar AR-15, kuma doka ta ba shi damar saye. Mun yi imani da ƙaddara, amma ƙaddara ba ta sauke alhaki daga wuyan mai laifi, ba ta kuma hana a tambayi wanda ya rubuta doka. Gardamar Amurkawa gaba ɗayanta a kan wannan take: abin nan bala'i ne da ba makawa, ko kuwa doka za ta iya rage shi? Ba na son kalmarmu ta amsa musu tambayar tun mai sauraro bai ji bayani ba.

Kafin a kawo shawarwari, ga abin da kalmar za ta ɗauka. Su kansu masu ita ba su daidaita a kan ma'auni guda ba. Ƙungiyar Gun Violence Archive, mai tattara alƙaluman harbe-harbe a Amurka, tana ƙirga duk harbin da ya samu mutum 4 ko fiye, ko sun mutu ko rauni suka ji, ban da mai harbin. Da wannan ma'auni, kowace shekara daga 2020 zuwa 2023 an haura 600. Wasu kuma ba sa ƙirgawa sai an kashe 4 a bainar jama'a, sai adadin ya faɗo ƙasa ƙwarai. Shi ya sa za ka ji ɗan siyasa ya ce ɗaruruwa, wani ya ce 'yan ƙalilan, kowa da takardarsa a hannu. Ke nan muna buƙatar kalmar da ke nuna yawa, wadda ba ta dage sai an mutu ba, ba ta kuma yanke hukunci kan ko an zaɓa ko ba a zaɓa ba.

Na ga amsoshi, na gode ƙwarai. Bari na bi su.

Hajiyarmu daga Damagaram ta ce a wajensu labarin da Faransanci yake zuwa, "tuerie de masse", don haka tana ganin "kisan taro". Hajiya, na karɓi rabin maganarki, wato taro. Kisan ne matsalar. Akwai ranar da za a harbi mutum 6 likitoci su ceto su duka, kuma yana cikin lissafi. Wannan dalilin ne ya sa "kisan gilla" ma bai dace ba. Shi kuma "kisan kiyashi" mun riga mun ba shi aiki mai nauyi, da shi muke faɗin abin da ya faru a Ruwanda a 1994.

Ƙanina da ya kawo "harbin gayya": ka juya ta. Gayya hannu da yawa ne a gona ɗaya. Wanda ya ji zai ɗauka mutane da yawa suka taru suka yi harbin, alhali yawanci mutum ɗaya ne.

"Harbin jama'a" ya zo daga mutum uku. Ba laifi, sai dai kunnena yana kai ni wurin zanga-zanga, inda jami'an tsaro suka harbi jama'a.

Baba Malam, wanda ya koya mini fassara, ya ce "harbin kiyashi". Ranka ya daɗe, wallahi ta shiga raina. Akwai yawa a ciki, akwai kuma rainin da mai harbin ke yi wa ran ɗan Adam, kamar ya taka layin kiyashi ya wuce. Ga Las Vegas da Christchurch ta zauna daram. Amma mutum 4 da aka raunata a ƙofar gidan rawa, a ce kiyashi? Ta yi musu girma. Kuma ina jin nauyin in zauna gaban makirfo in haɗa sunan yaran mutane da kiyashi kullum. Da izininka mu ajiye ta don sharhi, a kan manyan.

Abin da na tsaya a kai shi ne "harbin taro". Ku gwada a baki: an yi harbin taro a wata makaranta a Texas. Harbe-harben taro sun haura 600 a 2021. Gajeriya ce, tana jam'i, tana kuma barin wuri a ƙara siffa. Na Las Vegas harbin taro ne na kan mai uwa da wabi. Na Buffalo harbin taro ne na ƙiyayya. Tsohuwar kalmarmu ba a kore ta ba, an mayar da ita aikin da ta iya.

Wani ya ce idan a cikin gida aka harbi iyali fa, taro ne? Gaskiya ne, a nan tana ɗingishi. A irin wannan sai a ce an harbi mutum kaza 'yan gida ɗaya, a huta.

Wanda ya aikata kuma, don Allah kada mu ce "maharbi". Maharbi mai farauta ne, sana'a ce mai daraja. "Ɗan bindiga" yau yana kai tunanin mai sauraro dajin Zamfara da Katsina, ga gungu bisa babura, kuma wannan "hari" muke ce masa. "Ɗan bindiga daɗi" ban taɓa son ta ba, daɗin me? "Mai harbin" ya isa.

Saura kalma ta biyu da ke tafe tare da waɗannan labarai, "gun control". A nan kuskurena ya fi muni, domin na sha rubuta "dokar hana mallakar bindiga".

Hana ba ita ce a kan teburi ba. Gyara na Biyu na tsarin mulkin Amurka, tun 1791, ya ambaci 'yancin riƙe makami. A 2008, a shari'ar Heller, Kotun Ƙoli ta ce 'yanci ne na mutum shi kaɗai, ba sai yana cikin wata runduna ba. A 2022, a shari'ar Bruen, ta ce ya haɗa da fita da ƙaramar bindiga waje don kare kai. Abin da ake ja a kai shi ne wa zai saya, yana shekara nawa, wace iri, bayan wane bincike. Dokar Brady ta 1993 ta kawo binciken tarihin mai saye. Ta 1994 ta haramta sayar da wasu nau'o'in bindiga na shekara 10, wa'adinta ya ƙare a 2004 ba a sabunta ba. Wadda Shugaba Biden ya sa wa hannu a Yunin 2022, wata guda bayan Uvalde, ta tsaurara bincike kan masu saye 'yan ƙasa da shekara 21, ta kuma ba jihohi kuɗi don dokokin da ke bai wa alƙali damar karɓe bindiga na ɗan lokaci daga wanda ake tsoron zai yi ɓarna. Ƙungiyar NRA, mai fafutukar kare 'yancin mallakar bindiga a Amurka, da magoya bayanta su ne ke cewa duk wannan hanya ce ta zuwa ƙwace bindigogin mutane. Suna da 'yancin faɗin haka. Amma ni da na rubuta "hana", na ɗauki zargin ɓangare ɗaya na karanta shi a matsayin labari.

Akwai inda "hana" take daidai. Bayan kashe yara 16 da malamarsu a Dunblane a 1996, Birtaniya ta hana mallakar kusan duk ƙananan bindigogi a 1997. Akwai inda "ragewa" take daidai: bayan kashe mutum 35 a Port Arthur a 1996, gwamnatin Ostireliya ta saye bindigogi kusan 650,000 daga hannun mutane ta lalata. Muna buƙatar kalmar da za ta rufe su duka, har da na Amurka, ƙasar da aka ƙiyasta a 2017 cewa akwai bindiga miliyan 393 a hannun fararen hula, fiye da yawan mutanenta.

Na zaɓi "ƙayyade mallakar bindiga". Muna cewa ƙayyade farashi, kuma ba wanda ke fahimtar an hana ciniki. An sa iyaka ne.

Yayata, malamar asibiti, ta tuna mini da "ƙayyade iyali", yadda mutane suka guje ta har aka koma "tazarar haihuwa". Yaya, maganarki gaskiya ce, kalmar tana da ɗaci a wani kunnen. Amma a nan ɗacin yana da amfani, domin haka mai bindiga a Texas yake jin ta Turancin, har masu goyon bayan dokokin da yawa suka koma cewa kariya suke nema daga ɓarnar bindiga. Idan muka tausasa ta, mun koma ɗaya ɓangaren.

Abu guda da ya kamata mu riƙa yi wa mai sauraro bayani: mu daga ɗaya gefen muka faro. A Najeriya, ƙarƙashin dokar makamai ta 1959, bindiga sai da lasisi, har bindigar toka ta mafarauta tana da nata izinin. Shi ya sa da gwamnatin Zamfara ta ce mutane su nemi lasisi su kare kansu, a cikin wannan Yunin na 2022, abin ya zama babban labari. A nan izini ake nema a bayar, a can 'yanci ne ake neman a sa wa iyaka.

Na kai wa editanmu, ya amince mu fara gwada su biyun daga labaran gobe da safe: harbin taro, da ƙayyade mallakar bindiga. Baba Malam ma ya sa albarka, da sharaɗin ba za a jefar da kiyashi ba.

Akwai wadda ta gagare ni. AR-15 ɗin da aka yi amfani da ita a Uvalde muna ce mata "mai sarrafa kanta", kuma ba haka take ba. Ita kowane jan kunama harsashi ɗaya take fitarwa, sai ta ɗora na gaba da kanta. Mai sarrafa kanta ta gaske, idan ka danne kunama ba ta tsayawa. Wa yake da kalma? Tsofaffin sojoji da mafarauta, ku nake jira.