Neman shawara: na fara wasannin danna-ka-jira, amma lambata ta ƙi motsi

Mai tambaya

Assalamu alaikum ’yan’uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san wasannin kwamfutar nan da Turawa ke kira idle ko incremental, waɗanda lamba ke ta hawa ko kana dannawa ko ba ka dannawa. Jiya da yamma na buɗe Cookie Clicker a burauza, wasan da kake danna biskit kana tarawa, ka sayi gine-gine, wato abubuwan da ke toya maka shi da kansu. Yanzu a cikinsu ina da yatsu masu danna mini 40, kaka masu toyawa 12, gona ɗaya, ina samun biskit 24 a sakan, kuma komai ya yi tsadar da sai in zauna ina kallo kawai. Ƙananan akwatunan da ke saman shagon ban taɓa su ba, na ga kamar asarar biskit ne. Me nake yi ba daidai ba? Na biyu, kwamfutar tsohuwa ce, wuta kuma ba ta tsayawa a unguwarmu, yau da safe na buɗe na tarar lambar tana inda na bar ta. Akwai kuma wani maɓalli mai suna Legacy da nake tsoron taɓawa. In ma akwai wasan da ya fi dacewa da ɗan koyo, a taimaka.

Amsa ta 1

Wa alaikumus salam. Ƙanena, yatsun nan 40 su suka cinye maka jari. Duk abin da ka saya, farashin na gaba yana hawa da kashi 15 cikin 100, amma abin da yake samarwa yana nan yadda yake. Kashi 15 kamar ba wani abu ba, sai dai duk saye 5 farashi ya ninka, duk saye 10 ya zama ninki 4, ka kai 50 kuwa ya haura ninki 1,000. Yatsan farko biskit 15 ne. Na 41 da kake tara wa kuɗi 4,018 ne, alhali dukkansu biskit ɗaya suke kawowa a sakan 10.

Lissafi ɗaya za ka riƙe: raba farashin abu da abin da zai ƙara maka a sakan. Abin da ya fito shi ne sakan nawa zai ɗauka kafin ya biya kuɗin kansa. Wanda lambarsa ta fi ƙanƙanta, shi za ka saya. Mu gwada da naka. Yatsa na 41 sai ya yi sama da awa 11 kafin ya biya kansa. Kaka ta 13 wajen 535 ce, tana ba da 1 a sakan, kusan minti 9 ke nan. Gona ta biyu 1,265 ce, tana ba da 8, ƙasa da minti 3. Ka ga tazarar.

Akwatunan da ka raina kuwa nan riba take. Akwai na biskit 1,000 da ke ninka aikin duk kakanninka. Da kaka 12, ƙarin 12 ke nan a sakan, sakan 83 ya biya kansa, ya fi duk ginin da ke shagon arha. Bayansa akwai na 5,000 da zai sake ninka su daga 24 zuwa 48. Irin waɗannan suna fitowa ne idan ka mallaki 1, 5, 25, 50, 100 na kowane gini ban da yatsu, shi ya sa in kana da gona 23 ka daure ka cika 25.

Don ka ji zafin abin: yatsu 40 sun ci maka biskit kusan 26,700 suna ba ka 4 a sakan. Mahaƙar ma’adinai biyu, ta 12,000 da ta 13,800, ba su kai haka ba, kuma da yanzu suna ba ka 94.

Amsa ta 2

Ƙari a kan bayanin Malam na sama. Lissafin nan yana da ɗan gurbi: bai san da lokacin jira ba. Masana’anta 130,000 ce tana ba da 260 a sakan, a takarda ba laifi, amma mai samun 24 a sakan sai ya yi awa ɗaya da rabi yana tara mata. In abu ya fi ƙarfin tarin ’yan mintuna, fara sayen ƙananan da za su ɗaga samunka, za ka isa gare shi da wuri fiye da wanda ya naɗe hannu yana jira.

Sai biskit ɗin zinare. Yana ɓullowa a allo tsakanin minti 5 zuwa 15, ya yi sakan 13 ya ɓace. Kada ka bari ya wuce. Wani zai ninka samunka sau 7 na tsawon sakan 77. Wani zai ba ka dunƙulallen kuɗi, amma da sharaɗi: ko kashi 15 cikin 100 na abin da ke asusunka, ko samun minti 15, duk wanda ya fi ƙanƙanta. Mai asusu fanko tsiya zai samu. Shi ya sa waɗanda suka yi nisa suke barin ninki 6,000 na samun sakan ɗaya a ajiye ba sa taɓawa. Kai yanzu ba ka kai nan ba, kashe kuɗinka a gine-gine, sai sayayya ta fara ɗaukar awanni sannan ka fara ajiyar. Akwai na uku da bai cika fitowa ba, yana ninka ƙarfin dannawa sau 777 na sakan 13. Nan ne kaɗai cin zalin maus yake da ma’ana.

Amsa ta 3

Ni batun wuta zan taɓa, don shi zai yanke maka wasan da za ka zaɓa.

Cookie Clicker na burauza, wanda Bafaranshen nan Julien Thiennot da ake kira Orteil ya fitar a watan Agustan 2013, ba ya toya komai in an rufe shi. Ba matsalar kwamfutarka ba ce, haka aka gina shi. Sai can gaba ake sayen damar samu a rufe, ita ma farkonta kashi 5 cikin 100 ne na awa ɗaya, bayan nan ta ƙara raguwa. Ga wanda wuta ke yi wa zuwan baƙo, AdVenture Capitalist na 2014 ya fi sauƙin zama: da zarar ka ɗauki manaja ga kowace sana’a, farawa da teburin lemo, kuɗi na shiga ko na’ura a kashe take. Aibinsa shi ne yawan tura ka kallon talla da sayen zinare da kuɗin gaske. Kada ka sa ko sisi. Abin da za ka saya yau, jibi wasan zai ba ka ninkinsa a banza.

In ka tsaya a kan biskit ɗinka, ga abin da ke ɓata wa mutane aiki. Wasan yana adana kansa duk minti ɗaya, amma cikin burauzar yake adanawa, ba a intanet ba. Ranar da ka goge bayanan burauza, ko wata manhajar share shara ta goge maka, ko ka yi wasan a tagar sirri, shi ke nan, aikin wata uku ya bi ruwa. Shiga Options, danna Export save, za ka ga dogon rubutu kamar an zubar da haruffa, kwafe shi ka tura wa kanka ta imel ko ka ajiye a filashi. Ka yi haka duk mako, da kuma kafin duk wani babban mataki. Import save ke dawo da shi, ko a wata kwamfutar ce. A shafin nan dai akwai Wipe save, wannan ba ruwanka da shi, gogewa yake yi ƙarƙaf.

Sannan ka ware wa wasan tagarsa shi kaɗai. Burauza tana rage wa shafin da ke ɓoye gudu, Chrome ma yana iya sa shi barci don rage cin ƙwaƙwalwa, sai ka sa adireshin wasan cikin waɗanda ba a taɓawa. Don tsohuwar kwamfuta, kashe ƙyale-ƙyalen hoto a Options, fanka za ta huta. Data ba abin damuwa ba ce, in shafin ya gama buɗewa lissafin a kwamfutarka ake yin sa.

Mai tambaya

Allah ya saka da alheri, yayyena. Na sayi na 1,000 ɗin da gona biyu, na haura 50 a sakan. Saura batun Legacy.

Amsa ta 4

Legacy shi ne zuciyar irin waɗannan wasanni gaba ɗaya: ka rushe abin da ka gina, a ba ka ƙarfi na dindindin, ka sake farawa da gudu. A AdVenture Capitalist mala’ikun jari ne, kowanne ƙarin kashi 2 cikin 100. A Clicker Heroes rayukan jarumai ne. A nan kuwa matakan daraja ne, kowanne ƙarin kashi 1, tare da kuɗin sama da ake sayen gyare-gyaren da ba sa gogewa.

Yadda ake ƙirga su shi ne abin lura. Mataki na 1 yana buƙatar ka toya tiriliyan 1 tun farkon wasanka. Na 2 tiriliyan 8, na 3 tiriliyan 27, na 10 tiriliyan 1,000. Wato kafin matakinka ya ninka sau 2, sai biskit ya ninka sau 8. Wanda ya yi gaggawa ya danna yana da mataki 3, ya zubar da gine-ginensa duka a kan kashi 3, ya sayar da akuya ya sayi kaza. Adadin da masu wasan suka fi ba da shawara a karon farko shi ne 365, don ya isa sayen gyare-gyaren farko masu amfani. Kai da ko miliyan ba ka gani ba, manta da maɓallin tukuna.

Amsa ta 5

Da girmamawa, Yaya, 365 ɗin nan na masu barin kwamfuta a kunne dare da rana ne. Biskit sama da tiriliyan miliyan 48 fa ake magana. Mai samun wutar awa uku a rana zai gaji ya watsar kafin ya kai. Ma’aunin da ya fi aiki a kowane wasa: duba sayayya mafi riba da ke gabanka, in ta koma sai ka jira kwana guda, kuma sake farawar zai ninka maka samu aƙalla sau 2, to lokaci ya yi. A nan mataki 100 ke nan. Ba a rasa lambobin yabo, ba a rasa matakan da aka tara, hanya ce kawai ta ɗan fi tsawo.

Lambobin yabon ma ba ado ba ne. Kowacce tana ƙara madarar da kake gani a ƙasan allo da kashi 4, akwatunan ’yan kyanwa kuma suna juya madarar ta zama ƙarin samu. Duk lokacin da ɗan kyanwa ya fito a shago, shi ne kan layi.

Amsa ta 6

Ba wanda ya amsa masa tambayar ƙarshe. Ɗan’uwa, Cookie Clicker ba shi da ƙarshe. In kana son ka ga yadda irin wasan yake daga fari har ƙarewa, nemi Universal Paperclips na Frank Lantz, na 2017. Rubutu ne da maɓallai, kowace kwamfuta za ta ɗauka, ana gama shi cikin ’yan awanni. Kana ƙera maƙalan takarda daga waya kana sayarwa. Kuskuren ’yan koyo biyu ne. Na farko, su zuba duk kuɗin a injina, waya ta ƙare babu na sayen wata, don haka kullum ka bar kuɗin naɗi ɗaya a hannu, ka kuma saya lokacin da farashinta ya faɗo. Na biyu, su bar farashi a sama kaya na taruwa. In wanda ba a sayar ba yana hawa, sauke farashi. In yana ƙarewa nan take, ɗaga. Makin amana da ake ba ka kuma, wanda kake rabawa tsakanin saurin lissafi da ƙwaƙwalwa, kada ka juye shi duka a saurin lissafi, ƙwaƙwalwa ce ke faɗaɗa rumbun da lissafin ke taruwa, kowace ɗaya 1,000, akwai aikin da sai da 70,000 yake buɗewa.

A Dark Room na 2013 shi ma yana da ƙarshe, daga hura wuta a ɗaki mai duhu ake farawa, gara kada a faɗa maka sauran.

Kittens Game kuwa, na gina ƙauyen kyanwoyi, ka bar shi sai ka ƙware. Shi ba ya yafiya. Shekararsa yanayi huɗu ce, a lokacin sanyi gonaki suna rasa kashi 75 cikin 100 na amfaninsu, wata shekarar ma 90, kowace kyanwa kuma tana cin sama da 4 a sakan ko da damina ko da rani. Mutum ya ga yalwar bazara ya gina bukkoki, sanyi ya shigo, rumbu ya ƙare, kyanwoyi su mutu yana kallo. Kafin ka ƙara bukka, lissafa abincin da gonaki za su bayar a sanyi, ba na lokacin yalwa ba.

Mai tambaya

Na gode Anti, zan gwada na maƙalan a ƙarshen mako. Tambaya ta ƙarshe: na ga hoton allon wani, wasu tsutsotsi sun kewaye biskit ɗinsa suna ci. Cuta ce ta shiga wasan?

Amsa ta 2

A’a, cikin wasan suke. Suna fara zuwa ne bayan ka sayi wani bincike mai suna One mind, wasan ma sai ya gargaɗe ka kafin ka saya. Kowace tsutsa tana rage samun da kake gani da kashi 5, sai ɗan koyo ya firgita ya fasa ta nan take. Bar su su cika 10. Lambar allo za ta faɗi rabi, amma kowacce tana tara kwatankwacin abin da dukkansu suka janye, in ka fasa ta kuma ta amayo shi da ƙarin kashi 10, jimilla samunka ya kai wajen ninki 6. Dannawa uku ke fasa ɗaya. Ka bar su su yi awanni suna ƙiba, ka fasa lokacin da kake da babbar sayayya a gaba, kuma lallai ka fasa su duka kafin ka danna Legacy, don abin da ke cikinsu bai shiga lissafin matakanka ba sai ya fito.