Corolla 2007: 20W-50 ko 5W-30, kuma yaushe ake juye?

Baban Ilham: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema. Na karɓi Corolla 2007 'yar Kwatano, shigowar Amurka, kuma lokacin juye ya yi. Bakanikena ya ce 20W-50 za a zuba saboda zafin garinmu, amma a jikin murfin da ake zuba baƙin mai na ga an rubuta 5W-30. Wanne zan bi? Ya kuma ce duk wata sai na yi juye.

Oga Sale Bakanike: Wa alaikumus salam. Allah ya sanya alheri, ya tsare hanya. Kafin kowa ya ce komai, tana hayaƙi? Tana shan mai?

Baban Ilham: Amin Oga. Ba ta hayaƙi ko kaɗan. Tun da na karɓe ta man yana nan inda yake a geji.

Oga Sale Bakanike: To injinka lafiyayye ne. Mu dai a kan Fijo 504 da 505 muka koyi aiki, kuma mai kauri muke zuba musu, ba su taɓa ba mu kunya ba. Shi ya sa yawancinmu har gobe hannunmu 20W-50 yake fara kaiwa. Amma ga Injiniya nan, bari ya yi magana a kan na zamani.

Injiniya Bashir: Ranka ya daɗe Oga, kai ne babba. Baban Ilham, ka bi abin da ke jikin murfi. Waɗanda suka ƙera injin su suka rubuta shi, kuma bari in faɗi dalili.

Lamba ta farko, wadda ke haɗe da W, tana nuna saurin gudun man lokacin da injin yake a sanyaye, wato da safe in ka tayar. Ta biyun kuma kaurinsa ne bayan injin ya ɗau zafi, a maki 100 ake auna shi. Ke nan 5W ya fi 20W saurin hawa saman injin da asuba, kuma 30 ya fi 50 ruwa-ruwa in an yi zafi. Injin motarka, 1ZZ-FE, yana da VVT-i, wato na'urar da ke daidaita lokacin buɗewar bawul, kuma da matsin baƙin mai wannan na'urar take aiki, ta wasu 'yan siraran hanyoyi da wata ƙaramar raga. Tura mai kauri ta nan kamar zuƙar kunu ne ta tsinken shan lemo. Motar ba za ta mutu yau ko gobe ba, amma za ta ƙara shan fetur, kuma duk safiya saman injin zai daɗe yana jiran mai.

Maganar zafin gari kuwa, gaskiya ne a Sakkwato ko Maiduguri ana wuce maki 40 a watan Afrilu. Sai dai injin da lagiretonsa da fankarsa suke lafiya a wajen maki 90 yake aiki, ko a Jos yake ko a Nguru. A Amurkar ma akwai jihar Arizona mai zafi irin namu, kuma da 5W-30 ɗin wannan motar take yawo a can.

Oga Sale Bakanike: Na ji, kuma ban musa ba. Amma Injiniya, motar da ta shekara goma a kan hanyar Gwarzo, ringinta ya ci, ka zuba mata 5W-30 ka gani. Kafin sati biyu geji ya sauka. Mai motar kuma ba shi da kuɗin sauke injin.

Injiniya Bashir: Wannan haka yake Oga. Injin da ya gaji ana iya ɗaga masa zuwa 5W-40 ko 10W-40 ya ɗan rage sha kafin a samu halin gyara. Abin da nake ja da shi kawai, a ɗauki maganin tsohon injin a ba lafiyayye tun ranar farko.

Maman Walid: Sannunku da ƙoƙari. Ni tawa Honda EOD ce, 5W-20 aka rubuta mata. Daga kai yara makaranta sai kasuwa, ba na tafiya mai nisa. Sai in yi wata takwas ban cika kilomitar da aka rubuta min a takarda ba. In jira ne har ta cika?

Injiniya Bashir: A'a Hajiya, kada ki jira. Irin tuƙinki ya fi doguwar tafiya wahalar da mai. Injin ba ya samun zafin da zai kore raɓar ruwa da ɗan fetur ɗin da ke sauka cikin man, sai su taru su lalata shi. Ki riƙa juye duk wata 6 ko da kilomita ba ta cika ba.

Baban Ilham, kai ma ga amsar tambayarka ta biyu. Littafin Toyota na wannan motar ya ce mil 5,000 ko wata 6, duk wanda ya riga zuwa. Ka lura, motar Amurka da mil take ƙirga, mil 5,000 kuwa kilomita 8,000 ne. Amma saboda ƙurarmu da cunkoso, inda injin ke ta aiki mota na tsaye ita kuwa mita ba ta ƙirgawa, ni shawarata kada ka wuce kilomita 5,000 in man gama-gari ne. In sintetik ne na asali, ka iya kaiwa 7,000 zuwa 8,000. Juyen wata-wata ga motar gida asarar kuɗi ce.

Direba Ɗanjuma: Mu 'yan haya namu daban ne. Kano zuwa Maiduguri kusan kilomita 600 ne, zuwa da dawowa ka haura dubu. Mai lodi kullum zai iya cinye 5,000 cikin sati biyu, don haka mu ba ruwanmu da wata. Abin da zan ƙara: a canja filta duk juye. Wasu sai su sayi mai mai tsada su bar tsohuwar filta don tsimi, alhali dattin duk yana cikinta.

Alhaji na Maraɗi: Gaskiyarka direba. A haɗa da filtar iska, musamman da hunturu. Mu nan Hilux mai gas muke shiga ƙauyuka da ita cikin rairayi, 15W-40 na injin gas muke zubawa. In filtar iska ta yage ko ba ta zauna daidai ba, ƙura ta shiga, ko wane irin mai ka zuba ringi zai ci. A ciro ta a ɗaga ta ga rana, in haske ba ya ratsa ta ko an ga huda, a sake sabuwa.

Malam Habu: Ni jabu ne damuwata. Wani ƙanena ya sayi galan a wani shago a bakin titi, jarka tsaf, rubutu tsaf. Bayan ɗan lokaci fitilar mai ta fara ƙyaftawa. Da aka buɗe saman injin sai ga man ya daskare baƙi ƙirin, ana kankaro shi da sukundireba, ragar famfon mai ta toshe. Kuɗin gyaran ya ninka na man sau da yawa. Lamba daidai a jikin jarka ba ta da amfani in abin da ke ciki tsohon mai ne da aka tace.

Oga Sale Bakanike: Allah ya kyauta. Wannan muna gani a gareji. Ku saya a gidan mai na kamfanin ko wurin dilansu, Total ne, Mobil ne, Ammasco ne, duk wanda aljihunka zai ɗauka. Ka duba hatimin murfi ba a taɓa shi ba, a fasa a gabanka, a juye a gabanka. In an gama ka huda jarkar ko ka tafi da abarka, don da irinsu ake sake cikawa. Na kwalba da ake aunawa a bakin hanya kuwa, kada ya shiga wannan motar.

Injiniya Bashir: A bayan jarkar kuma ka nemi inda aka rubuta API, wato alamar matakin ingancin mai. SL ko SM ko SN ko SP duk sun yi wa motarka. SN ya fito a 2010, SP a 2020, kuma na baya yana maye gurbin na gabansa.

Ɗan Sahu: Oga, mu masu babur da adaidaita fa? In ragowar man mota ya samu za mu iya zubawa?

Oga Sale Bakanike: Kada ka fara, yaro. Kulocin babur a cikin mai yake wanka, man mota na iya sa shi sulɓi. Ka nemi mai alamar 4T da JASO MA.

Baban Ilham: Allah ya saka da alheri, na gamsu. Saura ɗaya. Ban san abin da mai ita na baya yake zubawa ba. Wani ya ce in fara wanke injin da kananzir kafin in zuba sabo.

Oga Sale Bakanike: Kul! Kananzir zai ɓamɓaro datti ya je ya toshe raga, ya kuma bar ƙarfe ba maiƙo. Ka juye tsohon tun injin na da ɗumi, a sa sabuwar filta, a zuba wajen lita 4 ana duba geji, kada a wuce layin sama. Wannan karon ka sake juyewa da wuri, kamar a kilomita 3,000, sannan ka koma lissafin Injiniya. Duk sati ka zaro geji da safe a wuri mai daidai kafin ka tayar. In ka ga man ya koma kalar shayi da madara, ruwa ne ya shiga, kada ka tuƙa, ka kira bakanike ya same ka a gida.