Shawarwari Kan Lokacin Ziyartar Garin Boone

Da aka tattauna kan lokacin da ya fi dacewa a ziyarci Boone, garin Jami'ar Appalachian State da ke kan duwatsun jihar North Carolina a Amurka, mafi yawan masu magana sun zaɓi watan Oktoba. Dalilinsu shi ne a lokacin ganyayen itatuwa ke rikiɗewa su koma ja da ruwan ɗorawa, kuma daga Blue Ridge Parkway, hanyar mota da ke bi ta kan duwatsun yankin, ake fi ganin wannan kyau. Sai dai sun yi kashedi cewa masaukai kan cika, musamman idan ƙungiyar ƙwallon jami'ar tana wasa a gida, don haka gara a kama ɗaki tun da wuri, a kuma fita da sassafe a tsakiyar mako. Wannan shawarar, a ganina, ita ce mafi amfani.

Masu sha'awar zamiya a kan dusar ƙanƙara an nuna musu Sugar Mountain da Beech Mountain, wuraren zamiya da ke kusa da Boone, tare da tunatar da su cewa ƙanƙara kan sa a rufe sassan Parkway a lokacin hunturu. Game da Yuli kuwa, an ambaci wasannin gargajiyar Sikotlan da ake yi a Grandfather Mountain, wani dutse da ke kusa da garin, an kuma ce a riƙe rigar ruwa saboda hadari kan taso da rana.