Taura biyu ba ta taunuwa: kariya ce ko faɗa?

Ɗan Kurna: Assalamu alaikum jama'a. Wata magana Baffana ya faɗa mini ranar Lahadi, har yau ban gane ko kare ni ya yi ko faɗa ya yi mini ba. Asabar ɗin da ta wuce abubuwa uku ne a gabana: raɗin sunan jikan Gwaggona da sassafe a Ɗorayi, kafinta zai zo ƙarfe 9 mu je Ƙofar Ruwa sayen kwano don ɗakin yara yana yoyo tun ruwan farko, sannan in sayo wa Hajiyarmu maganin hawan jini in haɗa da cefane. Ana idar da sallar asuba maƙwabcina ya tare ni a ƙofar masallaci, idonsa jajir. Matarsa ta haihu cikin dare, jini ya ɓalle mata, asibiti sun ce a kawo mutum biyu. Na bi shi, zatona awa ɗaya na gama. Kafin a gwada mu a ɗiba har ƙarfe 11 ta yi. Suna ya wuce ni, kafinta ya gaji da jira ya tafi wani aikin, da dare ruwa ya sauko ya jiƙa katifar yara. Alhamdulillahi mai jego ta tashi. Amma Gwaggo ta aiko cewa zumunci a ƙafa yake, ta ga inda ƙafata ta fi so. Da na kai wa Baffa ƙorafi, sai ya dube ni ya ce, "Ai taura biyu ba ta taunuwa." Bai ƙara komai ba. Me yake nufi?

Uwar Biyu: Wa alaikumus salam. Kare ka ya yi mana. Yana nufin mutum ɗaya ba ya rabuwa gida biyu. Kana kwance da allura a hannu, ta yaya za ka je Ɗorayi? Allah ya saka maka da alheri, ya raya abin da aka haifa.

Malamin Hausa: Hajiya, ni ban yi saurin yarda ba. A sanina, ba kasafai ake faɗar wannan karin magana don lallashi ba. An fi jefa ta ga wanda ya haɗa abubuwa biyu da gangan, yana son ya ci ribar kowanne: mai neman aure gida biyu a lokaci guda, ko ɗalibin da yake son kasuwa ta cika masa aljihu, jarrabawa kuma ta fito da kyau. Duk wanda ya ci taura ya san ƙwallonta babba ne, naman ɗan kaɗan ne a jikin zare-zare, sai ka juya ta a baki kana gurza. Ka cusa biyu, haƙori ba zai sami inda zai kama ba, ka rasa duka. Maganar tana da ƙanshin gargaɗi a kan haɗama. Ina jin Baffa yana ce maka ne: tun farko me ya sa ka loda suna da kafinta da cefane a safiya ɗaya?

Ɗan Kurna: Malam, Asabar kaɗai gare ni. Litinin zuwa Juma'a ina wurin aiki, Lahadi kasuwar kayan gini ba ta cika ci sosai ba. Haɗama ce in mutum yana neman sauke nauyin da ke kansa?

Malamin Hausa: A'a ɗan'uwa, ban ce kai mai haɗama ba ne. Asalin inda ake amfani da ita na faɗa. Karin magana kan tashi daga inda aka haife ta ta je wani wurin, ban musa ba.

Mai Guduma: Bari in shigo, don ni kafinta ne, shekarata 20 da wani abu a kan rufi. Kada ka ga laifin abokin sana'ata. Farkon damina kowa ke nemanmu, wanda ka bari ya zauna awa biyu a ƙofar gidanka ya yi asarar yininsa. Amma ga abin da nake son a duba a cikin karin maganar: ba a ce ka jefar da taura ɗaya ba. Taura busasshen abu ce, tana wata da watanni ba ta lalace ba. Ka tauna ɗaya, ka sa ɗayar a aljihu. Rufin nan naka da ka taɓa shi a watan Maris ko Afrilu, lokacin da rana ke dukan kwano ba kowa a layinmu, da yanzu ba ya cikin lissafi. Yoyo ba ya farawa rana ɗaya. Ƙusa ce ke sakin jiki, ramin ya buɗe, tsatsa ta ci, silin ya fara nuna tabo tun bara. Mu mun san gidan da zai kira mu tun kafin mai gidan ya sani. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Uwar Biyu: To Mai Guduma, ai jinin ba a aljihu za a sa shi ba. Mace tana zubar da jini, minti nawa gare ta?

Anti Nas: Nan nake son in yi magana, don a ɗakin haihuwa nake aiki. Hajiya, gaskiyarki, a ranar ba abin da ya kai jinin gaggawa. Zubar jini bayan haihuwa yana kan gaba cikin abubuwan da ke kashe mata masu haihuwa, kuma yana iya gamawa da mace cikin 'yan awanni. Amma abin da mutane ba su sani ba, jini ma yana ajiyuwa. Leda ɗaya tana kwana 35 a firjin ma'ajiyar jini. Abin da ke cin lokaci ba ɗibar ba ce, ita minti 10 ce ko sama kaɗan. Gwaji ne: a duba ko jininka ya isa, a duba rukuninsa, a tantance shi daga ƙanjamau, ciwon hanta na B da C, da tunjere, sannan a gwada ko ya dace da na mara lafiya. Da akwai jini a ajiye, da an ɗaura mata tun cikin dare, shi kuma Ɗan Kurna ya je sunansa. Muna cikin wannan hali ne saboda yawancin jinin da muke samu na 'yan'uwa ne da ake tasowa daga barci. Masu zuwa don kansu, ba tare da nasu na kwance ba, ba su da yawa. Lafiyayyen mutum daga shekara 18 zuwa 65, mai nauyin kilo 50 zuwa sama, zai iya bayarwa, namiji duk wata 3, mace duk wata 4. Mililita 450 ake ɗiba, cikin kusan lita 5 da ke jikin babba. Kowace 14 ga Yuni ana bikin ranar masu ba da jini ta duniya, a yi jawabi a watse, firji kuma yana nan yadda yake. Ɗan Kurna, ina fatan dai ba ka hau rufin nan da kanka ba a ranar.

Ɗan Kurna: Na so in hau da yamma in ɗora leda da bulo, Anti. Na taka tsani biyu na ji kaina yana juyawa, na sauko.

Anti Nas: Gara da ka sauko. Ranar da aka ɗebi jini ba a hawa sama, ba a ɗaukar kaya mai nauyi. Ruwa za ka yi ta sha, ka ci abinci, ka huta.

Tsohon Maraɗi: Yarana, ku bar ni in tsaya wa Gwaggo, tunda ba wanda ya tsaya mata. Tsohuwa ba ta ƙi a ceci rai ba. Abin da ya ɓata mata rai, ta zuba ido ba ta gan ka ba, ba ta kuma ji daga gare ka ba. Salula tana aljihunka awa biyar kana zaune kan benci. Ba ka da ƙane da za ka tura Ɗorayi da goro da ɗan abin barka? Uwar 'ya'yanka ba za ta iya miƙa wa kafinta kuɗin kwano ba? Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Bakinka ne ba ya tauna taura biyu, gidanku kuwa ba baki ɗaya ne a cikinsa ba. Mu nan idan damina ta yi nisa, wajen Agusta da Satumba, zazzaɓin cizon sauro yana shanye jinin yara, gidan likita ya cika da iyaye masu neman wanda zai ba da jini, ga kuma noma ba ya jiran kowa. Wanda ya tafi ba da jini, 'yan'uwansa ke kama masa gona a ranar. Haka muka taso muka gani.

Malamin Hausa: Baba, wannan fassarar ta fi tawa. Sai dai har yanzu ina nan kan cewa akwai ɗan jan kunne a bakin Baffa. Dattijo in zai kare ka kawai, "ka kyauta" zai ce.

Uwar Biyu: Ni kuma har yanzu ban ga jan kunne ba. Ya faɗa ne don Gwaggo ta ji a bakin wani, tunda shi ƙaninta ne ba zai ce mata ta yi kuskure ba.

Ɗan Kurna: Baba na Maraɗi, maganar wayar nan ta shige ni, wallahi ko kaɗan ba ta zo mini a rai ba a lokacin. Jiya bayan la'asar na je Ɗorayi da turmin atamfa da sabulu. Gwaggo ta bar ni a tsugune na ɗan lokaci, sannan ta tambayi jikin mai jegon maƙwabcin nawa, ta ce a kai mata yaji daga nata. Na roƙi rabin yini a wurin aiki, kafinta zai zo Laraba, ƙanena ne zai raka shi Ƙofar Ruwa. Anti Nas, idan na lissafa daga Asabar ɗin nan, wata ukun ya cika in je da kaina ke nan, ko sai an sake gwada ni tukuna?

Anti Nas: Ka je kawai idan ya cika, duk zuwa sai sun gwada kafin su ɗiba. Ka karya kumallo kafin ka fita, kuma ka ja ƙanen naka ku tafi tare in ya kai 18.