Me ke jawo tarin shara a gefen hanya, kuma yaya za a kwashe ta ba tare da ta dawo ba?

Malam Habu:

Assalamu alaikum. Ina da tambayar da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, kuma ina fatan waɗanda suka fi ni sanin lamarin za su ba ni haske. Aikina yana sa ni bin babbar hanya kusan kullum, kuma duk inda na duba a gefen titi ledoji nake gani sun maƙale a ciyawa, ga robobin ruwa da gwangwanaye da kwalaye sun cika bakin kwalbati. Makonni uku da suka wuce ni da wasu maƙwabta muka ware safiya guda, muka share gefen hanya mai tsawon kusan kilomita ɗaya, muka cika buhuna fiye da ashirin. Ba a yi kwana goma ba wurin ya koma kamar ba a taɓa sa masa hannu ba, har wasu daga cikin waɗanda suka fito suka ce ba za su sake ɓata lokacinsu ba. Ina son in san ainihin abin da ke kawo wannan shara, domin na fara zargin cewa ba masu jefowa ta tagar mota kaɗai ba ne. Sannan wace hanya ce ake bi a kwashe ta, kuma tsaftar ta ɗore?

Hajiya Rabi:

Wa alaikumus salam, Malam Habu. Allah ya saka muku da alheri, kai da maƙwabtanka. Kada dawowar sharar ta karya muku gwiwa, domin abin da kuka gani sananne ne, kuma masana halayyar ɗan Adam sun daɗe da yin bincike a kansa.

A shekarar 1990 wani masani a Amurka mai suna Robert Cialdini da abokan aikinsa sun wallafa sakamakon gwajin da suka yi a wurin ajiye motoci. Sukan saka takardar talla a gilashin mota, sannan su lura da abin da mai motar zai yi da ita. Idan wurin yana da datti, mutane da yawa sukan yar da takardar a ƙasa, amma idan a share yake sai akasarinsu su tafi da ita. An yi makamancin wannan a birnin Groningen na ƙasar Holan, aka wallafa a 2008. An rataya takarda a kan kekunan da aka ajiye a wani lungu da babu kwandon shara. Lokacin da bangon lungun yake da tsafta, kashi 33 cikin ɗari ne suka jefar da takardar, amma da aka ɓata bangon da zane-zane sai adadin ya haura zuwa kashi 69. Mutum yana duban wuri ne ya karanta abin da aka saba yi a cikinsa, kuma leda ɗaya da ta kwana a ƙasa tana ba na baya izinin ya ƙara tasa.

Abin da na ɗauka daga nan shi ne, gagarumin aiki na rana ɗaya bai kai ƙaramin aiki na yau da kullum amfani ba. Da a ce bayan kun share mutum biyu suna zagayawa duk bayan kwana biyu ko uku suna tsince ɗan abin da ya faɗo, da wurin bai kai matsayin da kowa zai ɗauke shi juji ba. Akwai kuma wata shara da ido ba ya kamawa da wuri, wato guntun taba sigari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ana yar da kusan tiriliyan 4.5 a kowace shekara, kuma abin da ke cikinsa da ake zaton auduga ce wani nau'in roba ne da ke ɗaukar shekaru kafin ya ruɓe. Da yawa daga cikin masu yar da shi ba sa ma ɗaukarsa a matsayin shara.

Injiniya Tanko:

Malam Habu, zarginka yana kan hanya. Na yarda da bayanin Hajiya, amma ina ganin idan muka tsaya a kan halin mutane kaɗai za mu bar rabin matsalar a baya. Na yi shekaru ina aikin gyaran hanya da magudanan ruwa, kuma abin da na koya shi ne sharar kanta tana faɗin inda ta fito, idan aka tsaya aka dube ta kafin a zuba a buhu.

Idan ka ga robar ruwa ɗaya a nan, gwangwani ɗaya a can, sun watsu a tsawon hanya, wannan aikin matafiya ne, kuma za ka tarar ya fi yawa jim kaɗan bayan wuraren da motoci ke tsayawa a sayi abin sha, wato daidai inda mutum ya gama sha yana neman rabuwa da abin da ke hannunsa. Idan kuwa ka ga tsummoki, fasassun bokitai, ɓaraguzan gini da takardu a jere a gefe ɗaya, musamman a kan kwana ko wurin da hanya ke da ramuka, to daga bayan mota suka zubo. Tifa ko motar kwasar shara da ba a rufe da tamfol ba tana iya zubar da abin da fasinjoji ɗari ba za su jefar ba a yini guda, kuma direban bai ma san yana yi ba. Na uku shi ne ƙullin leda mai ɗauke da sharar gida, wanda ake ajiyewa da gangan, galibi da dare. Wannan ne ya fi nuna inda matsalar take, domin mutumin da ya ɗauko sharar gidansa ya kawo ta bakin titi yawanci ba shi da wanda ke zuwa kwasa. Rahoton Bankin Duniya na 2018 ya nuna cewa duniya tana samar da sharar gidaje da birane kusan tan biliyan 2 a shekara, kuma aƙalla kashi ɗaya cikin uku ba a sarrafa ta yadda ya kamata. A ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi kashi 48 cikin ɗari ake kwashewa a birane, a wajen birane kuma kashi 26 kacal. Sauran dole ta sami inda za ta je, kuma gefen hanya shi ne filin da kowa ke bi amma babu wanda ke jin nasa ne.

Sai kuma iska da ruwan sama, waɗanda ke ɗauko shara daga nesa su tara ta a inda ta sami abin maƙalewa. Shi ya sa bakin kwalbati yake cika ko da babu gida kusa. Wannan ɓangaren ne ya fi tayar mini da hankali, domin kwalbatin da ya toshe yana tare ruwa, ruwan ya kwanta a gindin hanya ya jiƙa ƙasar da ke ƙarƙashin kwalta, daga nan sai tsagewa da ramuka su biyo baya, ban da sauron da ke hayayyafa a wurin. Bangaladash ta haramta ledoji marasa kauri a 2002 ne bayan an gano yadda suka toshe magudanan ruwa suka tsananta ambaliya.

Shawarata ita ce, kafin ku sake fita, ku bi wannan kilomitar da ƙafa ku rubuta wuraren da sharar ta fi taruwa da irin wadda ke kowane wuri. Haka aka yi a Estoniya a 2008. Sai da aka fara zana taswirar jujin da ke faɗin ƙasar, sannan mutane kusan 50,000 suka fito suka kwashe kimanin tan 10,000 a cikin sa'o'i biyar, kuma daga wannan yunƙuri ne ranar tsaftace duniya ta samo asali. Ku kuma tabbatar da motar da za ta ɗauki buhunan a ranar, domin buhun da ya kwana a gefen titi dabbobi za su yaga shi, masu wucewa kuma su ƙara nasu a kai. Kada ku ƙona abin da kuka tara. Hayaƙin roba yana da guba, yana kuma rufe wa direbobi gani. Kowa ya sa safar hannu mai kauri da takalmi rufaffe da riga mai ƙyalli, ku riƙa tafiya kuna fuskantar motocin da ke tahowa, kada a ɗauki allura ko fasasshiyar kwalba da hannu, kuma kada a sa yara aiki a bakin babbar hanya.

Malama Saude:

Ina son in ƙara wani abu a kan maganar Injiniya, domin duk ƙoƙarin masu sa kai ba zai kai ko'ina ba matuƙar abin da ake yarwa ba shi da daraja a idon mai yar da shi. Ku lura da cewa da wuya a ga ƙarfe ko tagulla sun daɗe a gefen hanya, saboda akwai mai saye, don haka akwai mai tsinta. Leda da robar ruwa ne ke zama, domin babu wanda zai ba ka komai a kansu, ko kuma abin da za a bayar bai kai wahalar sunkuyawa ba.

Wasu ƙasashe sun gyara wannan ta hanyar ɗora ɗan kuɗin ajiya a kan kowace kwalba ko gwangwani, wanda ake mayar wa mutum idan ya dawo da ita. Jihar Oregon ta Amurka ta kafa irin wannan doka tun 1971, kuma sharar gefen hanya na cikin manyan dalilan kafa ta. Jamus ta fara nata tsarin a 2003, inda ake ɗora santi 25 na kuɗin Yuro a kan robar da ake amfani da ita sau ɗaya, kuma fiye da kashi 90 cikin ɗari na robobin suna dawowa. Ko wani ya yar, wani zai ɗauka. A ɓangaren leda kuma, Ayalan ta sa harajin santi 15 a kan kowace leda a 2002, kuma amfani da ita ya ragu da kusan kashi 90 cikin ɗari. Ruwanda ta haramta ta gaba ɗaya a 2008, ta kuma haɗa da aikin gayya na ƙasa baki ɗaya a Asabar ɗin ƙarshen kowane wata. Kenya ta bi sahu a 2017 da hukunci mai tsanani da ya kai ɗaurin shekara huɗu.

Ban raina amfanin cin tarar masu zubar da shara ba, amma a ganina tsananin hukunci bai kai tabbacin kamawa muhimmanci ba, kuma kama wanda ya jefo abu daga motar da ke gudu yana da wuya. Ingila ta nemi mafita a 2018 ta hanyar bai wa ƙananan hukumomi ikon cin mai motar tara ko da ba a san wanda ya jefo ba. Singafo kuma tun 1992 take sa masu maimaita laifin su share wuraren jama'a da kansu. Duk da haka, cin mutum tara alhali ba a tanadar masa inda zai zuba sharar gidansa ba zalunci ne, kuma zai koma zubarwa da dare ne kawai. A fara da kwasa, sannan hukunci ya biyo baya.

Alhaji Isa:

Ni direba ne na motar haya mai dogon zango, kuma ina tabbatar da maganar Hajiya daga abin da nake gani. Tun da na fara rataya buhu ɗaya a cikin mota ina kuma sanar da fasinjoji kafin mu tashi, da wuya wani ya buɗe taga ya jefar da abu. Matsalar da nake fuskanta ita ce idan mun isa tasha sau da yawa kwandon a cike yake har ya zube, kuma kwandon da ba a kwashewa ya fi rashinsa illa, domin shi ne ke zama tushen sabon juji. Malam Habu, ina ba ka shawara ku raba hanyar tsakaninku, kowane rukuni ya san iyakarsa. A jihar Texas ta Amurka an fara irin wannan a 1985, inda ƙungiya ke ɗaukar nauyin mil biyu na hanya tana sharewa sau da dama a shekara, a kuma kafa allo da sunanta a wurin.

Malam Habu:

Na gode muku ƙwarai, Allah ya ƙara sani. Jiya da yamma na bi hanyar da ƙafa kamar yadda Injiniya ya ce, kuma na tarar da cewa mafi yawan abin da ya dawo ƙullin sharar gida ne a wuri biyu kacal, dukansu kusa da mahaɗar da ke shiga unguwa, sai kuma ɓaraguzai a kan kwana ɗaya. Sharar da ta watsu a sauran hanyar ba ta kai yadda na zata ba. Saboda haka za mu fara da zuwa gidajen da ke kusa mu ji wanda ke kwashe musu shara, idan akwai, sannan mu rubuta wa hukumar da abin ya shafa game da motocin da ba sa rufe kayansu. Injiniya, ina da sauran tambaya a kan kwalbatin. Yashi da leda sun cika shi har sama da rabi, kuma ban sani ba ko aikin da za mu iya yi da shebur da baro ne, ko kuwa akwai haɗarin da ya sa ya kamata mu bar wa ma'aikatan hanya.