Shin rawa ta kamaci mai furfura? Muhawara kan taron iyaye mata a Tahoua

Hadiza: Assalamu alaikum, iyayena da ƴan'uwana. Na kawo wannan magana gabanku ne saboda ta fi ƙarfin in yanke ta ni kaɗai. Wata huɗu ke nan ina tara iyaye mata goma sha ɗaya a tsakar gidan gwaggona da ke unguwar Bilbis, duk Talata da Asabar da ƙarfe bakwai na safe, muna taka rawa tare na tsawon rabin awa kafin rana ta yi zafi. Babu wanda ya sa ni, kuma ba na karɓar ko dala. Ƙaramarsu shekarunta 61, babbarsu ta haura 75. Kayan kiɗanmu ƙwarya ce da ake kifawa a kan ruwa cikin baho, sai tafi, sai waƙoƙin gaɗa da na daka waɗanda su da kansu suke tunowa. A makon jiya Baba Malam Isufu ya aiko mini da saƙo cewa in dakata, domin a ganinsa sanya tsohuwa rawa zubar mata da girma ne, kuma abin da ya kamaci mai furfura shi ne carbi da sallaya. Ni kuwa ina ganin wannan rawa tana taimaka musu su samu ƙarfin tsayuwa a kan sallayar. Tunda Baba yana tare da mu, ina roƙonsa ya faɗi hujjarsa da kansa, kowa ya auna.

Malam Isufu: Wa'alaikumus salam. Ɗiyata Hadiza, ban taɓa zargin niyyarki ba, domin na san gidan da kika fito, amma ina nan a kan maganata. Mu nan mazhabar Malikiyya muke bi, kuma duk wanda ya karanta Risala a zaure ya san cewa ta hana mutum ya tsaya da gangan yana sauraron kayan kiɗa da waƙa. Ko da an ajiye wannan gefe, akwai kunya, wadda ita ce suturar tsufa a nan ƙasarmu ta Adar. Matar da ke da surukai da jikoki, wadda idan rigima ta tashi a gida ita ake kira ta raba, ta yaya maganarta za ta yi nauyi bayan matar ɗanta ta leƙo ta gan ta tana juyi a tsakar gida? Ga kuma waya a hannun kowane yaro, ranar da aka ɗauki hoton ɗaya daga cikinsu aka watsa, babu ruwan da zai wanke abin.

Hajiya Rabi: Allah ya gafarta Malam, ni ce ɗaya daga cikin tsofaffin da ake magana a kansu, jikata ce take rubuta abin da nake faɗa. Shekaruna 67. Lokacin da aka fara bikin matasa na ƙasa a Damagaram a 1976, zamanin mulkin Seyni Kountché, ina budurwa cikin samariya, wato ƙungiyar matasan unguwarmu. Da rana mu share gari mu kai ruwa wurin gina ajin makaranta, da dare mu koyi rawa a gaban sarkin samari, iyayenmu suna zaune suna kallo suna sa mana albarka. Hadiza ba ta koya mana wani baƙon abu ba, mu ne ma muke gyara mata taku. Bari in faɗa wa Malam yadda ta same ni. Bayan rasuwar maigidana na yi takaba wata huɗu da kwana goma, ina fitowa na tarar ƙafata ta saba da zama. Ƴaƴana maza uku ne, biyu suna Abijan, ɗaya yana Libiya, kamar yadda yake a gidaje da dama na garin nan. Suna aiko kuɗi, Allah ya yi musu albarka, amma sai in wuni ban buɗe baki na yi magana da babban mutum ba. Har turmi nake sa a jawo mini kusa da sallaya, domin sai na dafa shi nake iya tasowa daga sujada, daga baya ma na koma salla a zaune. Yau turmin ya koma madafa, gwiwata kawai nake dafawa in miƙe. Kuma rannan da zazzaɓi ya hana ni zuwa, kafin azahar mata huɗu sun yi sallama a ƙofata.

Abdu, malamin asibiti: Inna Hajiya, abin da kuka faɗa ya dace da abin da muka sani a wurin aiki. Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojin da ta fitar a 2020, ta ba masu shekara 65 zuwa sama shawarar su motsa jiki na minti 150 zuwa 300 a mako, kuma aƙalla kwana uku a mako su yi motsin da ke ƙarfafa tsoka da daidaita tsayuwa domin kauce wa faɗuwa. Hukumar ta ƙiyasta cewa mutane kusan 684,000 ke mutuwa kowace shekara a duniya sanadiyyar faɗuwa, kuma waɗanda suka haura 60 sun fi kowa yawa a ciki. Tsohuwar da ta karya ƙugu sau da yawa ba ta sake komawa yadda take. Sai dai, Hadiza ƙanwata, ni tsorona ya bambanta da na Baba Malam. Kin auna jinin ko mutum ɗaya daga cikinsu kafin ki fara? Hawan jini yana iya zama a jikin mutum shekaru bai ji komai ba, kuma mai shan maganin ciwon sukari idan ta zo ba ta karya kumallo ba, jiri zai iya ɗibar ta a tsakiyar fili. Ga watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Tahoua ke wuce digiri 40, ga ƙurar hunturu ga masu asma. Ranar da aka samu matsala, ke za a fara tambaya, kuma ba za a duba cewa kyauta kike yi ba.

Malam Isufu: To, malamin asibiti ya sauƙaƙa mana. Idan motsa jiki ake nema, me ya hana su yi tattaki, su zaga unguwa su dawo, ba ƙwarya ba tafi? Wannan babu malamin da zai ce uffan a kansa.

Hadiza: Baba, da tattakin na fara, kuma mako biyu kacal ya yi. Duk wanda ya gamu da su a hanya sai ya tsaya ya ce lafiya Hajiya, ko wani ne ba lafiya, domin a garin nan ba a saba ganin dattijuwa tana tafiya ba tare da biki ko gaisuwar mutuwa a gabanta ba. Ga yashi, ga ƴan kabu-kabu. A tsakar gida kuwa ƙofa a rufe take, kuma rawar tana sa su taka gefe, su ja da baya, su ɗora nauyi a ƙafa ɗaya, abin da miƙaƙƙiyar tafiya ba ta cika bayarwa ba. Yaya Abdu, maganarka gaskiya ce, ban auna jinin kowa ba. Ba zan kuma ɓoye ba, a wata na biyu silifas ɗin wata Inna ya harɗe da bakin tabarma, ta zube a kan gwiwa, ta kwana uku ba ta fita ba, ni ma na kwana uku ban yi barcin kirki ba. Tun ranar muka naɗe tabarmi, muka daina juyi da sauri, muka jera kujeru a bakin katanga kusa da randar ruwa.

Malam Sani: Allah ya gafarta Malam Isufu, ni almajirinku ne, amma ina da ɗan ƙari. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, ta kalli Habashawa suna wasa da mashi a masallaci, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana kare ta da mayafinsa. Haka kuma ya hana a tsawata wa ƴan mata biyu da ke waƙa a ɗakinta ranar idi. Saboda haka malamai suka yi saɓani, kuma mata zalla a bayan katanga hukuncinsu ba ɗaya ba ne da dandalin da maza da mata ke cakuɗa. Abin da zan ja kunnen Hadiza a kai shi ne baitocin da ake rerawa, kada habaici ko batsa su shiga, kuma kada wata rana a ce za a kira mai goge, domin kowa ya san inda goge ke kai hankalin mutane a Adar.

Malam Isufu: Malam Sani, ranar idi ka ambata, ba kowace Talata da Asabar ba, don haka hujjarka ba ta gamsar da ni gaba ɗaya ba. Sai dai maganar turmin Hajiya Rabi ta tsaya mini a rai, domin mai ɗakina ma a zaune take salla shekara biyu ke nan. Gani ya kori ji. Zan turo ƙanwata ranar Asabar ta zauna ta kalla daga farko har ƙarshe, ta zo ta ba ni labari, sannan in sake magana. Amma batun waya ba zan sassauta ba.

Hadiza: Na gode, Baba, Allah ya ƙara girma. Daga wannan Asabar za a ajiye kwando a zaure, duk mai shiga ta saka wayarta a ciki, har da tawa. Yaya Abdu, idan aikinka ya bari, ka zo da abin awon jini da ƙarfe shida da rabi, ka auna su a zaure ka tafi kafin mu fara, wadda ka ce ta je asibiti ba za ta taka ba sai ta kawo takarda. Malam Sani, waƙoƙin da muke yi guda tara ne, zan rubuto maka baitocinsu gobe bayan la'asar ka duba mana.